Katin Malam

Mun sauka Abuja bayan la'asar, ƙafafun Malam sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai a hannu na riƙo masa shi. Kwana biyu muka yi a hanya daga garinmu, can cikin Nijar. Ina sauka na fara raba ido ina neman Alhaji Tanimu, sai ga shi ya taho da sassarfa, babbar riga na jan ƙasa, ya rungume Malam har da hawaye. Na ce a raina, alhamdu lillahi, mun faɗo hannun na gida.

Sunana Rabi. Shekara ashirin na yi ina koya wa matan unguwa karatu a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ba na cikin waɗanda ake karanta wa takarda. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka duhun kai ne ya ja mini abin da ya same ni. Mijina Malam Idrisu tsohon malamin makaranta ne, kuma ƙodojinsa sun daina aiki shekara uku kafin wannan tafiya. Sau biyu a mako ake ɗora shi a kan inji, ya zuƙe jininsa ya tace ya mayar masa, awa huɗu cur. Idan aka tsallake, ruwa ya taru a jiki, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, daga nan sai abin da Allah ya yi.

A daminar shekarar aka yi ruwan da ya ci rabin garinmu. Ya shiga asibiti ya lalata ɗakin da ake tace ruwan injinan. Gari cike da ruwa har wuya, amma babu wanda inji zai iya aiki da shi. Sai likitocin ƙoda na ƙasashe daban-daban suka haɗa hannu, suka rarraba marasa lafiyarmu zuwa inda ke da gurbi. Da aka ce akwai gurbi a Abuja, Malam bai ko tsaya shawara da ni ba. Ya ce ai Tanimu na can. Tare suka yi ƙuruciya, kuma lokacin da Tanimu ya karye a kasuwa, shekara guda ya yi a zauren gidanmu, ni na riƙa dafa masa da hannuna. An ba mu wani shuɗin kati mai suna da lamba, babu hoto saboda gaggawa, an ce da shi za a riƙa ɗora Malam a kan inji a wanke shi kowace Litinin da Alhamis a wani asibiti a Garki.

Zangonmu na farko Jikwoyi ne, gidan Alhaji. Ni da na riƙa jin ana Abuja, Abuja, na ɗauka ko'ina kwalta ce da fitilu, sai na ga lungu da kwata da 'yan acaɓa kamar ƙudan zuma. Hausar garin ma ta ba ni dariya. Ƙaton namiji da gemu a ce da shi "ta zo", mace da goyo a ce "ya tafi", kuma babu wanda ke jin haushi. Muna gama cin abinci Malam ya sa hannu a aljihu ya ciro katin da takardun shaidarmu, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. A wajenmu haka ake yi tun zamanin fatake. Baƙo in ya sauka, duk abin da ya zo da shi mai daraja sai ya damƙa wa mai masauki. Shi ne bakinsa, shi ne ƙafarsa, kuma ba a tuhumarsa. Ni ma a lokacin ban ga aibin abin ba, har na ji daɗi an sauke mana nauyi.

Makonni biyun farko ba ni da abin cewa. Alhaji da kansa ke tuƙa mu Garki, ya shiga ya nuna kati, ya fito ya saya mini lemo. Akwai wata likita Baturiya cikin waɗanda suka zo kafa aikin, ta ji ina yi wa Malam magana da Faransanci sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta taɓa jijiyar hannun Malam ta hagu, wadda ake soka allurar a ciki, ta ce in kula da ita kamar idona. Ta ce kofi biyu na ruwa a yini ya ishe shi, kuma ko sama da ƙasa za su haɗe kada ya tsallake rana ɗaya. Ta rubuta lambar wayata ta ce duk ranar da aka wanke shi ofis zai turo mini saƙo. Bayan kwana kaɗan ta wuce wata ƙasa da girgizar ƙasa ta auka wa. Da ita kunnena ya tafi, don duk sauran da Turancin Ingilishi suke magana.

A mako na uku Alhaji ya shigo ɗakinmu da safe, ya zauna a bakin katifa yana jan carbi. Ya ce labari ba daɗi, Turawan sun rage tallafi, yanzu sau ɗaya za a riƙa yi a mako, ranar Litinin. Ya zage su tas, ya ce haka suke, su ɗauki hoto su watsar da mutum. Na taya shi zagin, Allah ya gafarta mini. Ranar Alhamis da yamma sai ga saƙo a wayata, da sunan Malam a ciki ɓaro-ɓaro, alhali yana kwance a gabana bai je ko'ina ba. Na kai wa Alhaji na nuna masa. Ya yi dariya ya ce, "Haba amarya, kwamfuta ce ba a gyara mata ba. Tsohon tsari take bi." Shekara talatin da aurena yana kirana amarya, irin wasan abokin miji, ni kuma ina ce masa tsohon gwauro. Na yi dariya na koma ɗaki.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce wa Malam ya karɓo katin, ko kuma ya bar ni in je asibitin in tambaya da kaina. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Ya ce mutumin da ya ba mu ɗaki, ya ba mu abinci, yake ƙona mansa a kanmu, shi zan tsallake in je in yi bincike a bayansa? Ya ce in aka ji wannan a gida da wane ido zai dubi mutane. Malam mutum ne mai taushi, amma in magana ta zo kan kunya da mutunci, bango ya fi shi jin rarrashi. Na yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Jikin ya fara nunawa. Daga Alhamis ƙafafu su ɗauka, kafin Asabar fuska ta cika, ranar Lahadi ba ya iya kwanciya sai a jingine. Na rage masa ruwan zuwa kofi ɗaya. Ina sayo ƙanƙara wajen mai shago in farfasa, in ba shi ɗan gutsure ya tsotsa. Idan na ɗaga buta zan yi alwala sai in ga idonsa na bin ruwan, har na koma yin alwala a bayan ɗaki. Kewar gida ta kama ni, kewar da ban taɓa sani ba. Ba gidan nake tunawa ba, don ruwa ya riga ya rushe katangarsa. Bencin asibitinmu nake tunawa, inda kowa ya san kowa, inda in Malam ya makara nas za ta aiko a tambaya ko lafiya.

Zango na biyu Paikon Kore ne. Alhaji ya ce hayaƙin janareto da hayaniyar Jikwoyi ne ke ƙara wa Malam ciwo, yana da ɗaki a gonarsa can wajen Gwagwalada, iska mai kyau, shi kuma zai riƙa zuwa kowace Litinin ya ɗauke mu. Malam ya yi ta godiya. Litinin ta farko ya zo. Ta biyu ya bugo waya ya ce mota ta lalace. Ranar Talata ya ce injin asibitin ne ya samu matsala, a yi haƙuri zuwa mako mai zuwa. Litinin ta uku ma bai zo ba. Saƙonni kuwa ba su fasa ba, Litinin da Alhamis, kamar kiran salla.

Akwai rugar Fulani kusa da gonar. Wata dattijuwa, Goggo Fatu, ta ga baƙi sai ta fara kawo mana nono kowace safiya a 'yar ƙwarya, ba ta karɓar komai. Malam ba shi da halin sha, an hana shi, ni kuma kunya ta hana ni faɗa mata, sai in karɓa in shanye a ɓoye ina kuka. Ran nan ta shigo har ɗaki ta same shi a jingine yana jan numfashi kamar mai hawan tudu. Ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Ke, wannan ba na zaman gona ba ne." Na ba ta labari duka. Ta ce ɗanta babba zai kai shanu gari ranar Alhamis da motar haya, za ta sa a bar mana gaba.

Haka muka shiga Garki ranar Alhamis da hantsi, a motar shanu, Malam na jingine a kafaɗata. Kwana goma sha bakwai ke nan ba a wanke shi ba. A hanya ya ce mini ya kamata mu fara bi ta Jikwoyi mu sanar da Tanimu, kada ya ji daga baya ya ji ba daɗi. Na yi kamar ban ji ba. Direban da ɗan Goggo suka kama shi suka shigar da shi ɗakin jira suka zaunar a benci. Ba mu da kati, ba mu da takarda, ba ni da yaren da zan yi bayani. Ina tsaye ina lissafin ta inda zan fara sai wata nas ta fito da takarda a hannu ta kira suna.

"Idrisu Mamman."

Malam ya ɗaga hannu da ƙyar. A daidai lokacin wani mutum a ƙarshen bencin ya miƙe tsaye, siriri, bai wuce shekara talatin da biyar ba, wata mata mai goyo na riƙe da gwiwar hannunsa. A ɗaya hannun nasa ga shuɗin kati. Na san katin tun daga nesa, don gefensa ɗaya ya lanƙwashe tun ranar da na cusa shi cikin jakata a gida.

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na fizge katin na ɗaga shi sama ina magana, Hausa da Faransanci duk a haɗe. Nas ɗin, wadda daga baya na san sunanta Sista Ladi, ta ja mu duka zuwa wani ɗan ofis ta rufe ƙofa. Ta ce, "Madam, sannu sannu. Wannan mutum tana zuwa kullum, ni na san ta. Wannan baba kuma wane ne?" Na ce wannan baba shi ne Idrisu Mamman. Ta buɗe fayil ta bi layi da yatsa, sai ta dafe kai. Ta ce shi ya sa kilon ke hawa da sauka, Litinin mutum mai nauyi, Alhamis mutum marar nauyi, su kuma ma'aikatan Litinin daban, na Alhamis daban, kowa ya ɗauka sikeli ne ya lalace.

Mutumin sunansa Sadisu, mai tura kurar ruwa ne a Jikwoyi, ƙanen matar Alhaji da ya zo ci-rani daga ƙauye ciwon ya kama shi. Matarsa Hinde ta durƙusa a ƙasa. Ta ce, "Wallahi Inna, ce mana aka yi mai katin ya rasu." Na juya na dubi Malam. Ya ji. Ya sunkuyar da kai yana kallon kumburarrun ƙafafunsa, kamar shi ne ya yi abin kunyar.

Sista Ladi ta rage murya ta faɗa mini yadda dokar take. Idan ta rubuta abin da ya faru, za a dakatar da katin gaba ɗaya, sai takarda ta je ofishin ƙasar waje ta dawo, kuma babu ɗaya daga cikin mutanen nan biyu da zai kai lokacin. Ta ce in bari ta ɗora baba yanzu, saura a yi magana daga baya. Ta ɗora shi. Ta kuma nemo wa Sadisu gurbin wani da bai zo ba, ban san yadda ta yi ba, ban kuma tambaya ba. Na zauna kusa da Malam ina kallon jininsa na zagaya cikin robar. Can ya buɗe ido ya ce, "Rabi, Tanimu ya san mun zo?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Kada ki yi masa faɗa a gaban mutane."

Ita ce magana ta ƙarshe mai tsawo da ya yi mini. Likita ya ce ruwan ya daɗe yana danne zuciyar, ta gaji. Ranar Asabar bayan azahar Malam ya cika, a gadon asibiti, hannuna na kan jijiyar nan da aka ce in kula da ita kamar idona. Kullum in na taɓa ta nakan ji tana zuga a ƙarƙashin yatsana. Ranar na ji ta tsaya.

Alhaji Tanimu ne ya tsaya a kan komai na jana'iza. Shi ya sayo likkafani, shi ya tsaya a sahun gaba, shi mutanen garinmu mazauna Abuja suka riƙa yi wa ta'aziyya suna sa masa albarka, wai ya riƙe amana har kabari. Ina daga cikin gida ina jin su. Da mutane suka ragu ya zo bakin ƙofa ya tsuguna. Bai musa ba, bai kuma nemi gafara ba. Ya ce shi ya duba ne ya ga Malam ya riga ya ci zamaninsa, ya aurar da 'ya'yansa, Sadisu kuwa yara huɗu ne a gabansa, babbansu bai isa makaranta ba. Ya ce ya ɗauka sau ɗaya a mako zai riƙe Malam har asibitinmu ya gyaru, daga baya abin ya fi ƙarfinsa. Ya ce, "Amarya, ki sa kanki a matsayina."

Na ce, "Alhaji, da ka tambaye shi, da ya ba ka."

Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ci mini rai. Na san mijina. Da Tanimu ya zo ya zauna ya ce ga halin da ake ciki, wallahi da Malam ya raba kwanakinsa biyu ya miƙa masa rabi da hannu biyu, yadda ya miƙa katin. Amma bai tambaya ba. Ya kashe shi da baki tun yana raye, ya kai shi gona ya ajiye don kada ya ga fuskarsa. Ban yi masa faɗa a gaban mutane ba, na cika wa Malam wannan. Na dai ce kada ya sake kirana amarya, na kuma kwashe kayana a ranar na koma ɗakin wata 'yar garinmu mai tuyar ƙosai a can ƙarshen unguwa.

Kwana uku da rasuwar, da safe, Hinde ta yi sallama. Ta zo ita kaɗai da goyonta. Sista Ladi ce ta aiko ta da katin, ta ce matar mamaci ce ke da hakkin kai rahoton rasuwa, in na kai za a rufe lambar. Hinde ta ajiye shi a kan tabarma a gabana, ta ja baya ta zauna a bakin ƙofa. Ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa da na samu abin yi wa tsawa, don cike nake. Ta zauna kawai tana jijjiga yaron, idonta a ƙasa. Na tambaye ta yaya ƙafafunsa. Ta ce sun fara ɗauka. Na tambaye ta kofi nawa take ba shi. Ta ce duk lokacin da ya ce ƙishi sai ta ba shi, ba wanda ya taɓa gaya mata akwai ƙa'ida.

Na daɗe ina kallon katin. Ina so in ce tausayi ne ya kama ni, amma ba haka ba ne, haushi nake ji har ina ganin duhu. Abin da na kasa shi ne in zama ta biyu da za ta zauna ta auna ran wani ta yanke. Na sa yatsa na tura mata shi. Na ce kofi biyu a yini, ta nemi ƙanƙara, kada ta bari a ɗaura masa komai a hannun allurar, kuma katin nan ta ɗaure shi a bakin zanenta, ko uban da ya haife ta ne ya ce ta kawo ya ajiye mata, kada ta bayar.

Na dawo gida na ƙarasa takaba. Bayan 'yan watanni likitocin nan suka gyara ɗakin tace ruwan asibitinmu, nas ɗin da ta saba da mu ta aiko har gida wai a kawo Malam, injina sun tashi. Ba ta ji labarin rasuwar ba. Na aika mata da godiya. Ba ni da abin da zan ce da mutanen da suka tsallako teku don su taimaki wanda ba su sani ba. Wanda ya ci tuwona shekara guda shi ne ban yafe wa ba, kuma ba na jin zan yafe.

Saƙon ya ci gaba da zuwa. Kowace Litinin da Alhamis da yamma waya ta yi ƙara, in duba in ga an rubuta Idrisu Mamman, an wanke shi lafiya. Da farko nakan kife wayar in tashi daga wurin. Daga baya na kama kaina ina jiransa, in la'asar ta yi bai shigo ba sai in kasa zama. 'Yata ta ce in goge lambar, ina azabtar da kaina. Na ce ta bar ni, wannan ne kaɗai wurin da ake kiran sunan ubanta ya amsa.

Alhamis ɗin makon jiya saƙo bai zo ba. Litinin ma bai zo ba. Ina da lambar Hinde, na nemo ta sau uku ina mayar da wayar cikin jaka. Gobe Alhamis, na riga na sa wayar a caji.